Golf 3 tawa tana mutuwa in ta ɗau zafi, kik na juyawa amma ba ta kamawa

Abu Hafsat, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda suka san kan mota ku ba ni shawara, abin nan ya kai min ko'ina. Motata Golf 3 ce ƙirar 1994, injin 1.8 mai injekta ɗaya, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da aka raba gado ita ta faɗo a rabona shi ya sa ko 'yan uwa sun ce in rabu da ita ba na iyawa. Shekara shida tana hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bana da zafin nan ya shigo.

Ga yadda take yi. Da safe kik ɗaya take tashi, in kai yara makaranta in wuce wurin aiki lafiya lau. Amma in na yi tafiyar da ta kai minti 30 zuwa 40 musamman da rana tsaka, sai ta fara fizga kamar mai ya ƙare, in taka totur ba ta amsawa, daga nan sai ta mutu. In na murɗa makulli kik na juyawa da ƙarfinsa, fitilun gaban direba duk sun kawo, amma ba ta kamawa ko kaɗan. In na ƙyale ta ta huta minti 20 ko rabin awa sai ta tashi kamar ba ita ba, ta kai ni gida.

Abin da ya sa na ce dole in nemi shawara, ranar Asabar ɗin da ta wuce mun dawo ta'aziyya daga Jega ni da Inna da ƙanwata da jaririnta, mun ɗan wuce Kalgo ta mutu mana wajen ƙarfe biyu na rana, wasu bayin Allah suka taya ni tura ta gefen titi muka fake a gindin wani dogon yaro, ga Inna da hawan jini, ruwan da muka riƙo ya ƙare, jaririn na ta tsala kuka, ni kuma ina tsaye gaban bonet ban san ma abin da zan taɓa ba. Wallahi har yanzu in na tuna fuskar Inna ranar raina ɓaci yake.

Abin da na riga na kashe wa kuɗi: fulogi huɗu sabbi, wayoyin fulogi, batir sabo, sannan sati uku da suka wuce makaniken da nake kai wa ya ce famfon mai ne ya gaji, aka canza shi. Mutuwar ba ta daina ba, sai ma wata sabuwa da ta ƙaru, tun ranar da aka sa famfon take baƙin hayaƙi, warin fetur har cikin mota, man da ke kai ni sati yanzu kwana huɗu ya ƙare, fulogin nan sabbi da aka kwance sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yanzu ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wani kuma ya ce in cire injekta gaba ɗaya in sa kafireta in huta. Zan faɗi gaskiya don a ba ni shawara daidai, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ƙara cika tanki ba, lita biyar lita goma nake sawa, sau da yawa a rizab nake yawo, wani lokacin ma wurin 'yan bumburutu nake saye in dare ya yi. Me zan fara dubawa kafin in ƙara zubar da kuɗi?

Baba Makanike, Jega

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi jiƙan mahaihinka, shi ba Hajiya lahiya. Na hi shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin mota nan Jega, tun zamanin 504 da Golf 2, don haka ka saurara da kyau.

Na hwarko dai kak ka sayi birenbos. Ba kasahwai shika mutuwa ba, kuma shi na abin da aka laƙa ma laihi in an rasa ta cewa. Na biyu, motag ga ciwo biyu gare ta ba ɗaya ba, akwai wanda kaz zo da shi gareji, akwai wanda anka sa mata ranad da anka canza hwamho. In ka gama su wuri ɗaya kai da makanikenka ba ku ganin kan zaren. Mu hwara da na hwarko, mutuwa da zahi.

Motad da kik ke juyawa da ƙarhi ba ta kama ba, ɗayan biyu ta rasa, ko wuta ko mai. Batir da kik ba ruwansu tunda injin na juyawa, kuɗin batir kam sun tahi banza sai dai haƙuri. Taimin ko ringi kuwa ba su lalacewa su gyara kansu bayan rabin awa. To matsalar ita ta, kullum sai ta huce kaka kai ta gareji, makanike shi ganta lahiya lau shi yi canke. Likita ba ya gane zazzaɓin da yas sauka. Ka bar ta tana aiki cikin gareji bonet ruhe hat ta mutu don kanta, ko ka ɗauki yaron gareji ku hita da shi da rana, sa'ad da tam mutu a lokacin za a yi gwajin, minti biyat ya isa.

Ku hwara da wuta. Ka aje tsohon fulogi ɗaya cikin mota, ka zare waya ɗaya ka sa shi, ka ɗora gindinshi bisa ƙarhen injin, kak ka riƙe da hannu, wani shi yi kik. In ka ga wuta shuɗiya tana tsalle tas tas tas, wuta na nan. Sannan ka maida waya ka koma ga mai. Daɗin injin ga mai injekta ɗaya, ana ganin man da ido. Ka kwance baƙin murhin da ke bisa kan injekta, ka haska tocila, a yi kik, za ka ga hetur na heshi ƙasa awa lema in yana zuwa. In ba ka ga komi ba, ka zuba hetur cikin murhin gora ɗaya tak cikin maƙogwaron, ka maida murhi, ka kai goran nesa, kowa shi ja baya, sannan a yi kik. In ta kama ta yi ɗan gurnani tam mutu, ka tabbata mai na ba ya isowa. Don girman Allah kak ka bari wani shi riƙa tsiyayawa ana kik. Da idona nig ga yaro ya yi haka, injin ya yi atishawa wuta ta biyo gora ta kama mai hannu har ga kahwaɗa, har yau hannun bai miƙewa daidai. Kuma wuta aka hwara gwadawa kahin a zuba mai, ba a juyawa.

Sai kunne. Ka buɗe but ka ɗaga kahet, akwai wani murhi zagayayye mai noti ukku, hwamhon na nan ƙasanshi cikin tanki. Ka sa kunne wani shi murɗa makulli. Wasu na yin zuuu na daƙiƙa ɗaya ko biyu da an kunna, wasu sai ana kik, amma dai ana kik dole a ji shi.

Ga inda makanikai da yawa ka ɓacewa. Cikin distiributa akwai wani ɗan sensa mai waya ukku, shi ka gaya ma birenbos injin na juyawa. In ya ɗau zahi yad daina magana, birenbos ba ya ba da wuta, ba ya buɗe injekta, ba ya kunna hwamho, dut ukkun lokaci ɗaya. Mutum shi sa kunne shi ji hwamho shiru shi ce hwamho ya mutu, alhali ba a ba shi umurni ba na. Saboda haka in ka iske babu wuta babu mai, ka nuhi distiributa ko gidan makulli. In akwai mai babu wuta, koyil na, ka duba jikinshi ko ya tsage. In akwai wuta babu mai, to tsakanin fiyus da rile (ɗan suwic da ka kunna hwamho) da waya da hwamho da filta ɓarawon shike. Ka yi wanga ka dawo ka gaya muna abin da kag gani, sannan mu yi maganar hayaƙi.

Direba Ɗan Yauri

Salam. Malam Abu Hafsat ni ba makanike ba ne amma shekara tara ina jan Golf 3 haya Yauri zuwa Koko zuwa Jega, wani lokaci har Sakkwato, duk abin da ka faɗa na sha shi. Ni tawa ruwa ne ya shiga tanki, na sayi mai galan biyu a bakin hanya da daddare ban duba ba, washegari ta yi ta fizga tana mutuwa, da aka sauke tanki aka juye a roba sai ga ruwa kwance a ƙasa fetur a sama, har da yashi. Kai ma tunda ka ce kana saye a wurinsu kuma kana yawo a rizab ina ganin tankinka ya yi tsatsa ne yana toshe famfo, a sauke a wanke. In za ka sayi na galan ka sa a tace maka da ƙyalle mai tsabta a gabanka, kuma ka ɗaga galan ɗin ka kalli gindinsa a haske.

Wani abu kuma da ya taɓa yi min, in ta mutu ka buɗe murfin tanki ka saurara, in ka ji ya ja iska fuuu da ƙarfi kuma ta tashi nan take to hanyar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe, wannan gwajin ko sisi ba ka kashewa.

Maganar kafireta kuwa ni dai gaskiya na sa kuma na samu sauƙi, mu da yawa a tasha haka muka yi, don in ta tsaya maka a daji da sukundireba ɗaya za ka buɗe ka hure ka ci gaba, ba ruwanka da sensa ba ruwanka da birenbos, duk ƙauyen da ka shiga akwai wanda ya iya ta. Ta ɗan fi shan mai kam ba zan ɓoye ba, kuma da sanyin hunturu sai ka yi ta lallashinta da safe.

Rewaya Argungu

Assalamu alaikum. Baba na Jega Allah ya ƙara girma, ai kun gama magana, mu namu ƙari ne ta ɓangaren waya tunda shi ne sana'ata.

Yallaɓai yadda ka kwatanta ɗin nan, tana aiki da sanyi, ta mutu da zafi, ta huta ta tashi, kuma an sa sabon famfo bai canza komai ba, ni kafin in taɓa komai rile nake fara cirewa. A Golf 3 akwatin fiyus na ƙasan sitiyari gefen direba, ka cire murfin ka leƙa sama za ka ga rile jere, na famfon mai an rubuta masa 167 a ka, wasu tsofaffi 67, yana gurbi na 12, fiyus ɗinsa kuma lamba 18. Abin da ke faruwa, a cikin rilen akwai dalma da ta riƙe ƙafafunsa, motar nan ta haura shekara talatin, kullum ya yi zafi ya huce ya yi zafi ya huce ga girgizar hanya, sai dalmar ta tsage siririn tsagu kamar gashi, da sanyi tana haɗuwa wuta ta wuce, in ta ɗau zafi ta buɗe famfo ya tsaya cak. Kuma zafin Kebbi a watan huɗu da na biyar kowa ya san ya wuce digiri 40, cikin motar da ta tsaya a rana ya fi haka nesa. Na sha ganin an canza famfo sau biyu a mota ɗaya ashe ɗan rilen nan ne.

Lokacin da ta mutu ka sa yatsa a kansa wani ya yi kik, ya kamata ka ji ya yi ƙyas. Ka ɗan bubbuga shi da bayan sukundireba ana kik, in ta kama ka samu ɓarawonka. In kana da rewaya kusa ya zare rilen ya haɗa ramin 30 da na 87 da guntuwar waya mai fiyus, in famfo ya yi kuka ta tashi to famfo da wayarsa lafiya suke. Amma ina roƙonka kar ka yarda a bar maka shi haka, ko a ce za a yi maka darek daga makulli. An yi rilen ne don in injin ya tsaya famfo ya tsaya, Allah ya kiyaye in aka yi hatsari tiyo ya fashe, famfon da aka yi wa darek zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi da mutane a ciki.

In rilen lafiya yake sai a sa mita a soket ɗin famfo ana kik, a gwada da wutar batir, in ta bambanta da fiye da bolt ɗaya akwai waya ko at, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, da ta ci tsatsa a hanya. Batir mai lafiya 12.6 yake nunawa a tsaye, in mota na aiki 13.8 zuwa 14.4. Ka kuma lura ko fitilun gaban direba na ɗaukewa in ka girgiza makulli, don gindin makullin ma yana gajiya, musamman masu rataya makullai goma a jiki.

Ɗan Yauri abokina, gwajin murfin tankin nan naka gaskiya ne, amma tankin Golf 3 na roba ne ba ya tsatsa, abin da kake gani a ciki daga waje aka zuba shi, yashi da ruwa da dattin jarka. Kafireta kuma ban goyi baya ba ga mai motar gida, ita kaɗan take son ƙarfin mai, in aka bar mata famfon injekta ba a rage ba sai ta yi ta ambaliya, ga wayoyin da ake yankewa a bari a sake cikin bonet. Motar da ke tashi kik ɗaya da safe injektanta bai yi laifin da za a cire shi ba.

Abu Hafsat, Birnin Kebbi

Baba na gode Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, Ɗan Yauri da Oga Rewaya ku ma na gode ƙwarai. Yau bayan azahar na ɗauki ƙanena muka yi ta zagaye cikin gari har ta mutu kusa da gida, muka bi yadda Baba ya ce ɗaya bayan ɗaya. Wuta na nan shuɗiya. Na cire murfin na haska, injekta a bushe ko ɗigo babu. Na sa kunne a but shiru. Na buɗe murfin tanki bai ja iska ba. Muka zuba murfin gora ɗaya ta kama ta mutu. Sai na kwanta ƙasan sitiyari na nemo 167 ɗin, da na taɓa shi zafi kamar an ciro daga wuta, na buga shi sau biyu ƙanena na kik, sai na ji ƙyas, na ji famfo ya ɗauka, ta tashi. Wallahi sai da na yi hamdala a fili. Gobe zan nemo wani. Baba saura maganar hayaƙin, don ko yanzu da ta tashi sai da ta turnuƙe ƙofar gida.

Baba Makanike, Jega

Alhamdu lillahi, yaron ga na Argungu ya san aikinai, Allah shi yi mai albarka. To ga na biyu.

Mutane na cewa an sa ma mota hwamho mai ƙarhi shi as sa taka shan mai. Da gaskiya ciki amma ba duka ba. Hwamho turowa kawai shika yi, abin da ka tsaida ƙarhin mai wani ɗan regileta na da ke jikin gidan injekta. Ka duba za ka ga tiyo biyu, ɗaya na kawowa ɗaya na maida ragowa tanki. Ƙarhin mai da bar aka auna shi, injin ga naka bar ɗaya shika so, tsakanin 0.8 da 1.2, ba kamar na 2.0 mai injekta huɗu ba da ka aiki wajen bar ukku. In hanyar komawa a buɗe take, regileta na zubar da abin da yay yi yawa. In ta toshe ko ta lanƙwashe, man ba shi da inda za shi, ƙarhi shi hau, birenbos na buɗe injekta daidai lokacin da yas saba amma abin da ka hita ya hi ƙima. Ga baƙin hayaƙi, ga baƙin fulogi, ga wari. Tunda ranad da anka taɓa tanki abin yaf fara, inda hannu yat taɓa nan za a koma. A buɗe murhin but a bi tiyon nan biyu da ido da hannu.

A nemi mai geji shi auna, kak ka yarda da wanda za shi zare tiyo shi toshe da babban yatsa shi ce da ƙarhi, yatsa bai san bar ɗaya da bar biyu ba. In ba a samu geji ba, injin na sanyi a zare tiyon komawa daga gidan injekta a sa wani tiyo zuwa cikin galan nesa da injin, a tada, in hayaƙi ya washe to toshiyar na baya. A waje za a yi, ba mai sigari kusa.

In an auna an iske bar ɗaya daidai, sai a koma ga sensan ruwa da ke bakin injin inda tiyon lagireto ka hita, in ya lalace shina gaya ma birenbos ana sanyi kullum, shi ko shi yi ta ƙara mai. Rewaya na iya auna shi, da sanyi wajen om dubu biyu, in injin ya yi zahi shi sauko wajen ɗari ukku.

Ban ji ka ambaci filta ba cikin abin da kac canza. Tana ƙarƙashin mota kusa da tayar baya, akwai kibiya jikinta, kibiyar injin taka kallo. Kuma ka zaro sandar baƙin mai ka sunsuna, sati ukku tana ambaliya na san hetur ya gangara ciki, in ka ji wari a juye, don man da hetur yas sirka ba ya riƙe ƙarhe. Rizab kuma ka rage ɗana, na san halin da aka ciki, amma hwamhon cikin hetur shika sanyaya, ka daure ko kwata ta riƙa zama ciki, kuɗin man dai ɗaya na in ka cike gurbin sau ɗaya.

Abu Hafsat, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na sayi rile 167 na Baljiyam guda biyu, ɗaya a mota ɗaya a ajiye. Tsohon na ba wani mai gyaran rediyo ya ɓalle murfin, ya nuna min da madubin ƙara girma, dalmar ƙafa ɗaya ta tsage zagaye kamar zobe, in ka taɓa ƙafar har motsi take.

Na samu wani gareji mai geji, da aka ɗaura allura ta wuce bar biyu. Muka buɗe murfin but sai ga shi a fili, wanda ya sa famfon ya yanke tsohon tiyon komawa ya ƙara da wani guntu mai laushi da ya fi tsawo, da aka mayar da murfi ya danne shi ya naɗe kamar an karya kara. Aka sa tiyon fetur na gaske daidai tsawonsa, allura ta sauko ta zauna a kan ɗaya, hayaƙin ya ɗauke kafin mu bar wurin. Filta kuwa Baba kun yi gaskiya, shekara shidan nan ban taɓa sanin tana wurin ba, da aka cire aka juye ta baya abin da ya fito ja ne kamar ruwan gulbi da damina har da tsaki tsaki. Baƙin mai ma warin fetur yake, an juye an sa sabo da filtarsa, an wanke fulogi. Tsohon famfona da na karɓo a leda aka gwada shi da batir yana aiki lafiya lau, na adana shi. Na koma wurin makanikena na nuna masa tiyon da rilen ba da faɗa ba, don shekara da shekaru muna tare kuma yana yi min mutunci, ya karɓa ya ce kuskure ne.

Jiya da ƙarfe ɗaya na rana na ɗauke ta zuwa Argungu na dawo ban tsaya ba, yau kuma na kai Inna Jega na dawo da ita, ko tari ba ta yi ba.

Saura abu ɗaya ƙarami, in tana tsaye a silo allurar na ɗan hawa tana sauka, ba ta mutuwa dai amma ina ji. Kuma mai gejin ya ce min babu tamostat a motar, wato abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗumama, an cire, fanka ma an yi mata darek, allurar zafi ba ta kai tsakiya sai in cikin gosulo. Ya kamata in mayar ko in bar ta haka saboda zafin garinmu?

Rewaya Argungu

Masha Allah yallaɓai, da na san za ka shigo Argungu ai da ka tsaya mun gaisa. Tamostat ka mayar, wajen digiri 87 yake buɗewa, allurar nan a kan 90 aka yi ta ta zauna, in injin bai kai zafinsa ba birenbos na ƙara mai ne yana jiran ya ɗumama, kai kuma kana biya a gidan mai. Amma kafin a sa a wanke lagireto a tabbatar ba ya yoyo, a canza suwic ɗin fanka da ke jikinsa a mayar da ita tana tashi da kanta, ka tsaya a wurin har ka ga ta tashi ta tsaya sau biyu kafin ka biya.

Silo kuma ka duba baƙar robar da gidan injekta ke zaune a kanta, mai kauri ce tsakaninsa da manifol, tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani ta riƙa shan iska. Tana aiki ka kama gidan injektan ka ɗan girgiza shi gaba da baya a hankali, in ƙarar injin ta canza robar ce, a canza ta kar a shafa mata gam, gam ba ya jure fetur. In ba ta canza ba ka bi ƙananan tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ba ta kwana biyu uku tana aiki tukuna, don ta daɗe tana shan mai fiye da ƙima, sensan salansa ma ya sha baƙi sai ya ƙone shi a doguwar tafiya.